Turaren wuta na tayar min da ciwon ɓarin kai, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni amarya ce. Duk sanda na turara ɗaki ko na shafa humra, ba a jimawa sai ɓarin kaina na dama ya kama sara, ga tashin zuciya, ko haske ba na son gani. Gwaggona ta ce rashin sabo ne, in daure, wai amarya ba ƙamshi ai ba amarya ba ce. Yanzu kusan kullum sai na sha Panadol Extra. Don Allah a ba ni shawara.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan ciwon ba ya jin sabo. Ki riƙa turara kayan maigida a tsakar gida, ki bar tagogi a buɗe, ke kuma sabulu marar ƙamshi ya ishe ki. Ki rubuta ranar da ya tashi da abin da kika shaƙa, ko fetur ne, ko maganin sauro na kunnawa, ko fenti. Yunwa da rashin barci ma suna tayar da shi.

Anti Nas: Maganin nan na kullum shi ya fi damuna. Mai shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko masu haɗin magani fiye da ɗaya irin Panadol Extra ɗin naki kwana 10, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon kai. Ki ga likita. Akwai sumatriptan da ake sha da zarar ciwon ya fara, akwai kuma na rigakafi kamar propranolol ko amitriptyline, amma shi zai duba ya zaɓa. Ki faɗa masa in kina tsammanin ciki, ko kina da gyambon ciki, ko asma. In kina ganin walƙiya a ido kafin ciwon, kada ki sha ƙwayar tazarar haihuwa mai estrojin, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Yayar Marayu: Kuna kunna janareto kusa da ɗaki? Hayaƙinsa guba ne, da ciwon kai yake farawa. A kai shi nesa da taga.

Anti Nas: Haka ne. Kuma ciwon da ya sauko farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko hannu ya mutu, asibiti ne nan take.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Janareton a bayan tagarmu yake, yau za a matsar. Gwaggo kuma maigida zan tura mata.