Masu kwaikwayon manyan mawaƙa: me kuka gani a wajen 'yan kallo?

Ɗan Gadin Taro, Leicester

Salamu alaikum jama'a. Shekarata uku ke nan ina haɗa karatu da aikin tsaron taro a nan Ingila. Riga mai walƙiya ake ba ka, a tsayar da kai gaban dandamali, ka juya wa mawaƙa ƙeya ka fuskanci jama'a. Saboda haka ni ba wasa nake kallo ba, masu kallon wasan nake kallo.

Yawancin aikin da ke zuwa mini na ƙungiyoyin nan ne da Turawa ke kira tiribut, waɗanda sana'arsu kwaikwayon wata shahararriyar ƙungiya: waƙoƙinta, suturarta, askinta, har yadda mawaƙin yake tafiya. Harka ce babba a ƙasar nan. A yankinmu ma akwai bikin Glastonbudget da ake yi tun 2005, da yawa daga masu hawa dandamali makwaikwaya ne, sunan ma tsokanar babban bikin kiɗan nan na Glastonbury ne, wato wannan na mai ƙaramin ƙarfi ne.

Daren da ya fara ɗaure mini kai na masu kwaikwayon Oasis ne. Ita Oasis, ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, ta watse a 2009 saboda rigimar wa da ƙane, Noel da Liam Gallagher, to shekara da shekaru in kana son jin waƙoƙin kai tsaye cikin taro, galibi sai wajen waɗannan. Zauren ya cika da magidanta 'yan arba'in zuwa hamsin, kowa da hular nan mai kama da ta masunta. Ana buga kiɗan farko sai na ga kofunan roba suna tashi sama, cike da giya. Jagab na jiƙe. Ƙarfe biyun dare ina wanki da wanka don kar Asuba ta riske ni da najasa. Abin da ya fi ba ni mamaki, muryar mawaƙin ba ta fita sam, jama'a sun danne ta, kowa ya haddace har inda ake jan numfashi. Wani ƙato yana ta kwarara masa kira “Liam! Liam!” hawaye shaɓe-shaɓe. Bayan an tashi na raka “Liam” ɗin zuwa motarsa ta ƙofar baya, ashe da rana gyaran famfo yake yi.

Tambayata: sun san ba shi ba ne, tikitin ma ya faɗa musu. To wa suke yi wa ihun? Wanda ya taɓa shiga irin wannan taro ya ba mu labari.

Uwar Biyu, kudancin Wales

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da wankin dare, Allah ya ba da lada.

Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma sau biyu ina raka mutanenmu bikin masu kwaikwayon Elvis Presley, mawaƙin Amurka, a Porthcawl, wani ƙaramin gari a bakin teku. Duk watan Satumba ake yi, tun 2004. Ba za ka gane abin ba sai ka je. Elvis a layin sayen kifi da dankali, Elvis yana tura keken jariri, Elvis biyu suna gardamar wurin ajiye mota. Akwai mai tumbi, akwai siriri kamar sillen kara, akwai ɗan shekara bakwai. Da na fara gani dariya ta kusa kashe ni, sai na lura ni kaɗai ke yi.

Akwai wata tsohuwa cikin waɗanda nake kula da su, ta haura tamanin, mantuwa ta kama ta, wani lokaci ko sunan 'yarta ba ta kawowa. Da mutumin ya fito cikin fararen kayan nan masu ƙyalli, wallahi baiti ɗaya ba ta sake ba. Shi Elvis a shekarunsa na ƙarshe yakan rataya ƙyalle a wuya ya cire ya miƙa wa matan da ke gaba, to su ma makwaikwayan haka suke yi. Tsofaffin mata ne a layi, wata da sanda, wata a keken guragu, kowa na jiran nata. Tawa ta samu. A mota na ce mata, kin san dai ba shi ba ne ko? Ta harare ni ta ce ai ita ba yarinya ba ce, ta san ya mutu tun 1977, amma shi ɗin na gaskiya bai taɓa zuwa ya yi musu wasa ba, wannan kuwa ya zo. Kuma gaskiyarta. Elvis bai taɓa yin wasa a Birtaniya ba, a wajen Amurka ma Kanada kaɗai ya yi, a 1957. Sawunsa a ƙasar nan da aka tabbatar shi ne ɗan yada zangon da jirginsa ya yi a Prestwick ta Scotland a 1960, yana komawa gida daga aikin soja a Jamus.

Har ta rasu ƙyallen nan yana ɗaure a jikin gadonta. Ban ƙara yi musu dariya ba.

Mai Tasi, Liverpool

Hajiya kin haɗu da masu sauƙin kai. Ku zo nan ƙarshen Agusta lokacin makon tunawa da Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙa ta garin nan, ku ga alƙalai. Ƙungiyoyi ke zuwa daga Japan, Brazil, Ajantina, ko'ina, wasu Turancin ma sai a cikin waƙa suke iya shi. Na ɗauki wasu dattawa biyu daga Mathew Street, tun daga nan har masaukinsu gardama suke a kan abu ɗaya: wai wanda ya fito a matsayin Paul McCartney na Beatles da hannun dama yake kaɗa jita, alhali Paul bahago ne. Ɗaya ya ce murya ake ji ba hannu ba, ɗaya ya ce shi yana ganin haka ran wasan ya fita masa. Akwai makaɗan da suke sake koyon kiɗa da hagu takanas don irin waɗannan mutane.

Abin dariyar, gidan kiɗan Cavern ɗin da suke cika suna wannan tsanani, shi ma ba na asalin ba ne. Wanda Beatles suka yi wasa kusan sau ɗari uku a ciki an rufe shi a 1973, na yanzu a 1984 aka sake ginawa. Na faɗa wa mai ƙorafin haka, bai ba ni ko sisin goro ba.

Injiniya, Birmingham

Nawa ya sha bamban da na ɗan gadi. Wani abokin aikina ya ja ni kallon Australian Pink Floyd, 'yan Ostireliya ne masu kwaikwayon ƙungiyar Pink Floyd, tun 1988 suke yi. A zaune ake kallo, shiru kamar ɗakin jarrabawa. Na ɗan karkata zan tambaye shi me ya sa aka hura ƙatuwar kangaru ta roba a gefen dandamali, sai na baya ya taɓa kafaɗata ya ɗora yatsa a baki. Sai da aka tafi hutu aka ba ni amsa: su Pink Floyd alade suke hurawa, waɗannan suka musanya da dabbar ƙasarsu. Mutanen nan yatsun mai jita suke bi da ido, in ya kauce da ƙwayar sauti ɗaya za ka ji ana gyaran murya.

Washegari a ofis wani ya ce shi ba zai ba da kuɗinsa ga jabu ba. Abokina ya ce masa David Gilmour, mai jitar Pink Floyd, da kansa ya gayyaci waɗannan suka yi wasa a bikin cikarsa shekara hamsin a 1996, in mai abu ya yarda kai wane ne. Na lura masu raina abin yawanci ba su taɓa zuwa ba, masu zuwa kuma ba sa son a ce sun je don rashin kuɗin na gaske.

Baba na Funtuwa

Yarana, ina ta karanta ku ina murmushi, don abin da kuke ba da labari ni a ƙofar gida na gan shi, ba sai na hau jirgi ba.

Na ga Alhaji Mamman Shata da idona fiye da sau goma. Tun da ya rasu a 1999 kuwa masu ɗaukar muryarsa ba su ƙare ba, a gidan biki, a wajen naɗin sarauta, a taron siyasa. Wasu sun iya, wasu hayaniya ce kawai da kalangu.

Wani biki da na je bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, aka kawo wani yaro. Da ya buɗe baki sai da tsigar jikina ta tashi, na runtse ido na ce Alhaji ne. Fili ya rabu uku, ina zaune ina kallo. Samari da ba su taɓa ganin Shata ba suka shiga rawa, su ba ruwansu, kiɗa ya yi daɗi. Mu tsofaffi muka kafa kunne muna jiran ya yi tuntuɓe, ya kuwa yi, ya ɗauko baitin wata waƙa ya cusa a wata, na kusa da ni ya ja tsaki ya ce kama da wane ba ta wane. Sai kashi na uku, su ne ba ku da su a can. Akwai wani ɗan kasuwa a wurin wanda Shata ya taɓa ambaton mahaifinsa a waƙa. Yaron ya sani, an tsegunta masa. Yana isowa kan sunan, mutumin nan ya miƙe, bai ce uffan ba, ya dinga liƙa masa kuɗi har aljihunsa ya ƙare, ya koma ya zauna ya rufe fuska da babbar riga. Ubansa yake yi wa kuka, wannan kowa a wurin ya gane.

Inda na ƙi yaron shi ne da ya fara cire sunayen mutanen da aka yi wa waƙoƙin yana sa na waɗanda ke da kuɗi a filin. Nan wani dattijo ya daka masa tsawa ya ce waƙar nan tana da mai ita. Aka yi ta cacar baki, wasu na cewa ai maroƙi inda zai samu yake bi, Shatan ma don a ba shi yake yi. Ni dai ina bayan dattijon. Sannan duk iyawar yaron, abu ɗaya ya gagare shi. Shata nan take yake ƙirƙira, ya dube ka ya ɗinka maka waƙa a tsaye, ya yi wa wani habaici yana zaune a wurin. Wannan kuwa abin da ke kaset kawai yake maimaitawa.

Ku kuma lura, mu muna bambanta mai kwaikwayo da magaji. Zuri'ar Musa Ɗanƙwairo da suka ci gaba da kotso bayan rasuwarsa a 1991 ba wanda ke ce musu makwaikwaya, gidansu ne. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya a idon jama'armu, ko da na koyan ya fi murya.

'Yar Nima, Accra

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda da kai duka ba. Mu da aka haifa bayan mutuwar mawaƙi fa? Nan duk 11 ga Mayu ana taron tuna Bob Marley, wanda ya rasu 1981, ni ko iyayena ba su yi aure ba lokacin. Makaɗan gida ne ke hawa su yi waƙoƙinsa. Ba mu da wani na asali a ka da za mu auna su da shi, su ne namu. Masu ɓata mana rai dattawan nan ne da ke tsayawa a baya da hannu a ƙirji suna cewa ba haka yake yi ba, alhali su ma a kaset suka san shi kamar mu. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, Baba.

Na koya ma yana zama na gida. Ƙungiyar Journey ta Amurka a YouTube ta tsinci Arnel Pineda yana rera waƙoƙinta a Philippines, ta ɗauke shi ya zama mawaƙinta a 2007.

Baba na Funtuwa

'Yata, kin kama ni. Amma ni ba a baya nake tsayawa ba, kujerar gaba ake ba ni.

Ɗan Gadin Taro, Leicester

Na gode ƙwarai, musamman Hajiya da Baba. Labarin mai babbar rigar nan ya tuna mini da ƙaton nan nawa, wataƙila shi ma akwai wanda ya tuno.

Bari in ƙara abin da ban faɗa ba, don kar a ɗauka duk hawaye ne. Daren da muka fi shan wuya na masu kwaikwayon ABBA ne, inda ƙawayen amarya ke zuwa rukuni-rukuni da gashin roba da kaya masu sheƙi, sun sha sun yi tatil tun daga gida. Su ne ke hawa dandamali, su ne ke fizge abin magana. Na taɓa ɓamɓare hannun wata daga rigar mawaƙiya, tana ce mini ai ba ta gaske ba ce, mene ne a ciki. Wannan kalma ta tsaya mini. Mutum ɗaya zai yi wa makwaikwayi ihu kamar shi ne na asalin, minti biyar kuma ya yi masa abin da ba zai taɓa yi wa na asalin ba. Mawaƙiyar ta gaya mini daga baya cewa ta fi tsoron ƙananan zauruka, inda babu shinge tsakaninta da jama'a.

Da Oasis suka sanar da dawowarsu a 2024 na ɗauka kasuwar mai gyaran famfona ta mutu. Ina! Tikitin tsayuwa da aka sa kusan fam 150 ya haura fam 350 ana cikin layin saye a intanet, da yawa kuma ko layin ba su kai ƙarshensa ba. A bazarar 2025, lokacin da na gasken ke zagaya ƙasa, zauren da na yi aiki ya cika har mun hana shiga. Sai dai na ji sabon abu a bakin ƙofa, waɗanda suka samu zuwa wasan Oasis na gaske a Heaton Park ta Manchester suna yi wa waɗanda ba su samu ba burga, cikin layin kallon na kwaikwayo.

Asabar mai zuwa masu kwaikwayon ƙungiyar Queen ne da mu. An ce mini 'yan kallonsu tafi kawai suke yi da hannu sama, ba sa jifa. Duk da haka na riga na sa riga ta biyu a jaka.