Wane aksil ɗin baya zan sa wa Ford Model A ta 1930?

Mai_TsohuwarFord:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ina haɗa Model A ta 1930, na ɗora mata injin Chevy 350 da giyabos TH350, ƙarfin injin bai wuce doki 300 ba, yawo kawai zan rinƙa yi da ita ba tsere ba. Aksil ɗin da ta zo da shi wato banjo na san ba zai ɗauka ba, shaf ɗinsa da ɗan makulli yake riƙe, ana taka wuta zai karye. Kowa sai ce min yake in sayi aksil ɗin da ake kira Ford 9-inch, ni kuma kuɗinsa ya ba ni tsoro wlh. Na ga aksil 8.8 na motar Ford Explorer da araha, ya kuke gani?

BabanGareji:
Malam kafin ka sayi komai ka sa tayoyi da wilin da za ka yi amfani da su a ƙarƙashin bodin, ka auna daga fuskar wili zuwa fuskar wili, wato inda aksil zai ɗauru, shi ne faɗin aksil ɗin da kake buƙata. Nan ake faɗuwa, mutum ya kashe kuɗi ya zo ɗaurawa taya ta leƙo waje kamar haƙorin gwaggo. 9-inch ɗin ba ƙarya yana da ƙarfi, Ford ta yi shi daga 1957 zuwa 1986, kuma tukunyar giyar ta gaba ake zaro ta, ka canza a kan tebur ka mayar. Amma doki 300 me zai yi da shi? Ka nemi aksil 8-inch na motar Ford Maverick, faɗinsa wajen inci 56 da rabi, yawanci yana zama daidai a irin motarka, bai da nauyi, shi ma tukunyarsa fita take. Samunsa ne dai yanzu sai an sha yawo.

Injiniya_88:
Ni na Explorer zan ce, na 1995 zuwa 2001, ya zo da birkin faifai, shaf mai haƙora 31, da yawansu giya 3.73, wato farfela ta juya sau 3.73 taya ta juya sau ɗaya. Matsalarsa biyu, faɗinsa inci 59 da rabi ne kuma tukunyar ba a tsakiya take ba, ta karkata dama, to abin da ake yi a yanke dogon ɓangaren wajen inci 3 a samo wani gajeren shaf a sa, shi ke nan ya dawo kusan 56 da rabi. Amma a ba wanda ke da jig, wato ƙarfen da ke riƙe aksil a miƙe yayin walda, zafin walda na lanƙwasa bututun, daga nan boris ya yi ta ci.

BabanGareji:
Injiniya ka manta giyabos ɗinsa ba shi da obadaraib, wato giyar da ke rage juyin inji a dogon gudu. 3.73 da taya mai inci 28, a gudun mil 65 injin na juyi kusan 2,900 a minti, kunnensa zai gaya masa. Da giya 3.00 kuwa wajen 2,340 ne.

Mai_TsohuwarFord:
Kai, ban ma yi wannan lissafin ba. Na gode Baba. Wani abu kuma, wilina na Chevy ne, zai hau?

Injiniya_88:
Ba zai hau ba oga, ramukan notin wilin Chevy 5 a kan da'ira mai faɗin inci 4.75 suke, na Ford 4.5. Ko a sake huda shaf da faifan, ko ka canza wilin baya. In za ka canza to ka fara sayo wilin kafin ka yi awon da Baba ya ce.