Jikina ya mutu a wajen aiki: in daure ko in ajiye?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekarata shida ina aikin akawu a wani kamfani mai zaman kansa a kan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 sau ɗaya aka taɓa albashina, ƙarin ma bai kai kuɗin motar wata ba. Daga Rigasa nake fitowa, Napep biyu zuwa, biyu dawowa.

Amma ba kuɗin ne ya fi tsorata ni ba. Jikina ne ya mutu murus. Zan zauna takwas da rabi, in kunna kwamfuta, in jawo fayil ɗin rasit, sai dai in ji ana kiran azahar ban shigar da ya wuce layi biyar ba. Aikin da nake gamawa a yini ɗaya da, yanzu sai ya kwana uku a kan tebur. Jiya oga ya tsaya a kaina yana tambayar lissafin ƙarshen wata, na ce masa wuta ce ta ɗauke, alhali ga janareta can yana ruri a bayan taga. Bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki adashi, ₦400,000. Abokina ya ce in ajiye aikin in kafa POS a bakin layinmu, uwargida ta ce in daure. Tambayata biyu ce. Wanda ya taɓa jin wannan mutuwar jikin, me ya yi ya farfaɗo? Wanda kuma ya ajiye aiki, ya ta kaya? Mata ɗaya, yara uku, gidan haya.

Ɗan Kasuwar Barci:
Wa alaikumus salam. Ka ajiye kawai, Malam. Aikin gwamnati bai taɓa arzuta kowa ba sai ɓarawo.

Gwauron Kawo:
Ku da ranar Juma'a ma ba kwa zuwa ofis tun ƙarshen 2021, wace gajiya kuma? Kwana huɗu fa.

Ɗan Rigasa:
Ku duba da kyau, na ce kamfani mai zaman kansa. Waccan dokar ta kwana huɗu ta ma'aikatan jiha ce. Mu har Asabar muna zuwa rabin yini.

Maman Biyu:
Ƙanena, na yi irin wannan bayan haihuwata ta biyu, kusan wata takwas ina zuwa ofis kamar wadda aka aiko. Ba wani sirri na gano ba, dabaru ne ƙanana. Kafin in tashi da yamma sai in ɗauki tsohuwar ambulan in rubuta abu uku a bayanta, uku kacal, waɗanda zan yi gobe. Na ɗora ta a kan kibod yadda ba zan iya taɓa komai ba sai na ɗaga ta. Wanda na fi ƙi a cikinsu shi nake fara yi, tun kafin masu gaisuwa su fara zagaye. Wayata kuma durowa nake jefa ta in kulle, in ba masinjanmu makullin in ce kar ya ba ni sai sha ɗaya ko da na roƙe shi. Ranar farko na roƙe shi sau biyu, yaron ya ƙi, Allah ya yi masa albarka.

Sannan ka duba abin da kake ci da rana. Wanda ya loda shinkafa da wake da mai da yaji ƙarfe ɗaya, to ya sallami yinin nan. Ni na koma cin kaɗan, in na idar da azahar in zaga bayan ginin sau biyu kafin in zauna.

Baba Kakuri:
Ɗana, bari in ba ka labari, ka yi abin da ka ga dama da shi. Shekara goma sha tara na yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ku yaran yanzu ba ku ga Kakuri ba. In jiniya ta yi kukan canjin aiki, kekuna ne ke cika titi har mota ba ta samun hanya, masu abinci a jere tun daga bakin get. Ni ban taɓa makara ba. Da zazzaɓi na sha tsayawa a gaban inji, ƙurar auduga na shiga hanci, ƙarar wurin kuwa sai da ishara ake magana. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. Shekara uku a jere ni ne gwarzon sashenmu. Ka san me aka ba ni? Agogon bango da takardar yabo.

Wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo a get. Aka ce mu koma gida, za a neme mu. Yau fiye da shekara ashirin ke nan ana nemanmu. Mun yi zaman ƙungiya, mun yi zanga-zanga, mun rubuta takardu har na daina ƙirgawa. Abokan aikina da na raka makabarta ba su ga haƙƙinsu ba sun fi ƙarfin yatsuna. Wani da muke layi ɗaya da shi, mai gyaran inji ne da babu kamarsa, gadi ya ƙare yana yi a wani gida a Barnawa. Wanda ke lallaɓawa bayan sito ya yi barci a lokacin aiki da ni mai agogo, rana ɗaya aka kore mu, kuma abu ɗaya muka samu.

Agogon yana nan a ɗakina, ya tsaya, ban sa masa batir ba. Saboda haka in ana maganar ƙwazo a wajen aiki ni dariya nake yi. Ka yi daidai kuɗinsu.

Malama Unguwar Rimi:
Innalillahi. Allah ya bi muku haƙƙinku, Baba. Mahaifina ma a can ya yi aiki, har ya rasu yana ajiye da katin shaidarsa a cikin Alƙur'ani.

Injiniya Mando:
Allah ya saka muku, Baba. Auduga ce ta mutu, wuta ta yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Ba ragwancin ma'aikata ne ya kashe masaƙun ba.

Tsohon Akawu:
Baba, da girmanka, amma "ka yi daidai kuɗinsu" ba shawarar da za a ba akawu ba ce. Mu a aikinmu lissafin da ka bari yau shi zai kwana yana jiranka, ya haihu. Kuma albashin da ka karɓa ba ka yi aikinsa ba, akwai tambaya a kansa gobe ƙiyama. Yaron nan bai ce an cuce shi ba, cewa ya yi ya kasa aiki.

Baba Kakuri:
Kai da ka yi ritaya kana karɓar fansho a ƙarƙashin fanka, ai dole ka yi wa'azi.

Ɗan Kasuwar Barci:
Ku bar wannan. POS ɗin nan ₦21,500 na saya wa ƙanena injin, da lema da benci da ₦150,000 na juyawa ya fara. Yanzu shi ke ciyar da kansa.

Hajiya Malali:
Yaushe rabonka da saye? Ni ₦35,000 na biya wa yarinyata. Kuma ₦150,000 ba ta kai ko'ina, mutum uku su cire dubu hamsin hamsin ka rufe ke nan, sai ka tafi layin banki. Ƙasa da rabin miliyan wahala ce kawai. Ga rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da aka ce dole tun 2024.

Gwauron Kawo:
Ni kyauta aka ba wani abokina injin, sharaɗin kawai ya riƙa kai adadin da suka yanka masa, in ya gaza su karɓe abinsu.

Injiniya Mando:
Duk kuna lissafi da ribar lokacin canjin kuɗi ne, farkon 2023, da mutane ke sayen naira da naira. Wancan zamanin ya wuce. Yanzu ₦100 ce a kan ₦5,000. Malam Ɗan Rigasa, ka fita bakin layinku ka ƙirga lema nawa ce daga nan zuwa titin tashar jirgi, sannan ka dawo mu yi magana. Kar ka saki reshe ka kama ganye.

Hajiya Malali:
₦100 a ina? Nan wajenmu ₦200 ce, da dare ma har ₦300.

Gwauron Kawo:
Shawarata ka ƙara aure, jikin zai tashi da kansa.

Maman Biyu:
Ji mai magana. Kai da ko ta farko ba ka ajiye ba, tukunyarka ɗaya cokalinka ɗaya, kai ne za ka ba magidanci mai yara uku shawara?

Gwauron Kawo:
Anti, likita ba sai ya yi ciwon ba yake ba da magani.

Nas Tudun Wada:
Tunda an ambaci likita. Yayana, kafin ka yanke komai ka je a auna jininka da sukari, a duba maleriya. Awa nawa kake barci? Abincin da kake so da, har yanzu yana maka daɗi? In abin ya bi ka har gida, ba ka son hira da yara, ba ka son fita ɗaurin aure, ya wuce mako biyu a haka, to ba kasala ba ce kawai, ciwon damuwa yana zuwa da wannan kama, kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Barnawa.

Ɗan Kasuwar Barci:
To fa. Mutum ya zo neman shawarar POS an tura shi Barnawa.

Nas Tudun Wada:
Irin wannan dariyar ce ke hana mutane zuwa sai abu ya lalace. Ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba.

Malama Unguwar Rimi:
Ni tambayata, ana ba ka mafi ƙarancin albashin nan na ₦70,000 da aka sa wa hannu a 2024?

Tsohon Akawu:
Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, Malama.

Ɗan Rigasa:
Mu 14 ne har da mai gadi, amma nawa ya ɗan haura haka. Na gode muku duka. Anti Maman Biyu, na gwada ambulan ɗin yau. Ba mu da masinja, mai gadi na ba wayar. Kafin sha ɗaya na shigar da rasit na sati guda, abin har ya ba ni mamaki. Bayan azahar kuma jikin ya koma inda yake. Malama Nas, barcina bai fi awa biyar ba, don in ban fito shida da rabi ba, cunkoson gadar shiga gari ya cinye ni. Har yanzu dai ban ji wanda ya ajiye aiki da kansa ya faɗi yadda ta kaya ba. Baba, kai rufewa aka yi, ba ajiyewa ka yi ba.

Injiniya Mando:
Ka ga asalin ciwon nan: hanya. Mutum ya ƙone ƙarfinsa a Napep kafin ya isa ofis. Kuma masu Napep ɗin nan in mai ya tashi da safe, kafin azahar sun ƙara kuɗi. In ya sauka kuwa sai su ce ba su ji labari ba.

Mai Napep Hayin Banki:
Yallaɓai, a yi mana adalci. Mai kaɗai ake zuba wa Napep? Balas na jirana kowace yamma ko na samu ko ban samu ba, ga tikiti, ga bakanike, taya ɗaya yanzu kuɗinta ya isa a yi cefanen sati. Ku kuna zaune a inuwa jikinku na mutuwa, ni in jikina ya mutu yini ɗaya mai keken zai karɓe makulli.

Hajiya Malali:
To shi ya sa kuke cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba? Shekaranjiya daga Kawo zuwa Kasuwa ₦500 aka karɓa a hannuna, kuma rabin jikina a waje.

Mai Napep Hayin Banki:
₦500 daga Kawo? Hajiya, an ga mayafinki ne. ₦300 ce.

Gwauron Kawo:
₦400 na biya yau da safe, kuma har yanzu ina bin wani ɗan'uwanka canjin ₦100.