Ragowar talo-talon Kirsimeti: yaya ake yin fai ɗin kwano da shi?

Maman 'yan biyu, Tudun Wada, Jos:

Barkanmu da hutu, 'yan'uwa. Bana maigida ya sayo mana talo-talo mai rai, aka yanka ranar jajibirin Kirsimeti, na gasa shi sukutum. Baƙi sun cinye cinyoyi da fukafukai, ƙirjin ne ya rage kusan duka, sai ƙasusuwa. Yau kwanansa biyu a firij, ya bushe, yara sun ce yana maƙale musu a wuya. Da tsada aka saye shi, kuma zubar da abinci ba ya min daɗi ko kaɗan. Ƙanwata da ke karatu a Amurka ta ce can in an gama bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, akan yi wani fai da ragowar: kamar mit-fai ɗinmu, sai dai a kwano ake zuba naman da kayan lambu cikin miya mai kauri, a rufe da kwaɓin fulawa a gasa. Ita ma ba ta taɓa yi da hannunta ba. Akwai wadda ta iya? Ina da dankalin Turawa, karas da fis da na sayo a Farin Gada.

Anti mai kek, Bukuru:

Ƙanwata, kar ki zubar da ƙashin nan, shi ne rabin aikin. Ki faffasa shi, ki tafasa da albasa, citta, tafarnuwa da ɗan tayim kamar awa 1, ki tace. Romon nan ne zai dawo wa naman da danshinsa.

A wata tukunya ki narka bota cokali 3, ki soya albasa, ki barbaɗa fulawa cokali 3 kina juyawa har ƙanshin ɗanyen gari ya tafi. Sai ki riƙa zuba romon kaɗan-kaɗan, kofi 2, da madara rabin kofi, hannunki bai tsaya ba, har ya yi kaurin kunun gyaɗa. Dankali da karas ki yanka ƙanana ki ɗan tafasa su tukuna. Naman kuwa a ƙarshe za ki sa, bayan kin sauke, domin ya riga ya nuna; in kika sake dafa shi zai koma kamar zare.

Kwaɓin: fulawa giram 250, bota mai sanyi giram 125, gishiri kaɗan. Ki murza da yatsu har ya yi kamar garin rogo, ki yayyafa ruwan sanyi cokali 4 ko 5, ki haɗa shi kawai, ba a murza shi kamar na burodi. Mu nan hunturu ya taimake mu, botar ba ta narkewa a hannu. Abin da na fi so ki riƙe shi ne ki bar miyar ta huce sosai kafin ki ɗora murfin. Na taɓa yin gaggawa na ɗora a kan mai zafi, kwaɓin ya narke ya nutse ciki, na ji zafin asarar nan. Ki ɗan tsaga saman da wuƙa wuri uku don tururi ya fita, ki shafa ƙwai, ki gasa a oven a zafin digiri 200 na Celsius, minti 30 zuwa 35.

Uwargida, Gwarinpa, Abuja:

Anti ta faɗi gaskiya, amma ni madarar nan na daina sawa. Mutanen gidana in babu yaji ba su ci abinci ba, don haka attarugu ɗaya nake jajjagawa, da kori da masoro, romo zalla. Kuma a nan sai na sa kwaɓin a firij minti 30, zafin Abuja ba ya barin bota ta zauna. 'Yar'uwa, ki yi shi yau ko gobe. Dafaffen nama kwana 3 zuwa 4 yake yi a firij, in kuwa wuta ta yi ta ɗaukewa, ki duba shi da kyau tukuna.

Baban yara, Gangare:

Hajiya, wadda ba ta da abin gashin zamani fa? Iyalina a babbar tukunya take gasa kek, yashi a ƙasa, a kan gawayi. Zai yiwu?

Anti mai kek, Bukuru:

Zai yiwu, Malam. Ta bari yashin ya ɗau zafi, ta ɗora kwanon ƙarfe a kai, sannan ta zuba garwashi a bisa murfin tukunyar, tunda kwaɓin a sama yake kuma can ne yake bukatar wuta.

Maman 'yan biyu, Tudun Wada, Jos:

Allah ya saka da alheri, na yi shi da yamma. Na sa madarar, na kuma sa attarugun. Gefe ɗaya ya ɗan ƙone, amma naman ya yi laushi, 'yan biyu har da kankare kwano. Romo ya rage kusan kofi 2, gobe da shi zan dafa shinkafa.