Gobarar ciyawa: da gaske ne a riga ta ƙona wurin shi ne magani?

Maigarke_22:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara. Ina da fili da ke maƙwabtaka da wani makeken fagen ciyawa, bana damina ta yi kyau ciyawar ta kai min ƙirji, yanzu ta fara bushewa kuma gabana faɗuwa yake kullum saboda dabbobi da rumbu duk a gefen suke. Wani ya ce min in riga in cinna mata wuta tun yanzu, wani kuma ya ce kar in kuskura. Wai ma ita wutar ciyawa har ta kai a ji tsoronta haka? Ni a ganina ai fuu ɗaya take yi ta mutu.

Malam_Gandu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan fuu ɗin da ka raina shi ne bala'in ai. Itace sai ya yi kwanaki kafin ya bushe bayan ruwa, ita kuwa busasshiyar ciyawa siririya ce, ko raɓa ta jiƙa ta da asuba rana na ɗagawa cikin awa guda ta koma makamashi. In iska ta samu tana iya gudun kilomita 20 zuwa 25 a awa, ka ga ba mai tsere mata da ƙafa balle yana kora shanu. In kuma hawa ne abin ya fi muni, duk ƙarin hawa na digiri 10 saurinta kusan ninkawa yake, don harshen wutar yana kwanciya ne ya gasa ciyawar da ke sama kafin ya iso ta.

Kuma abin da ka faɗa na damina shi ne ainihin wurin, shekarar da aka fi ruwa ita ce ranin da ya fi haɗari, ciyawa ta yi yawa ta bushe gaba ɗaya.

Yar_Labarai:
Malam ya gama magana wallahi. Mutane in an ce gobarar daji sai su hango manyan bishiyoyi, alhali wadda ta ci gidaje sama da 1,000 a jihar Kolorado ta Amurka ranar 30 ga Disamba 2021 a cikin ciyawa ta taso, iska ce mai ƙarfin tsiya ta koro ta cikin unguwanni a yini ɗaya. Ta garin Lahaina a jihar Hawai ta Amurka a Agustan 2023 da ta kashe kusan mutum 100, tsoffin gonakin rake ne da aka bari ciyawa ta cinye su. Ta jihar Tekzas, ita ma a Amurka, a Fabrairun 2024 ta ƙone sama da eka miliyan ɗaya da dubban shanu, tushenta kuwa turken lantarki ne da ya ruɓe ya faɗi.

Abin mamaki ma, gamba da muka sani an kai ta arewacin Ostireliya don kiwo, yanzu ta zame musu ƙarfen ƙafa, tana tsayi har mita 4, wutarta na kashe bishiyoyin da wutar ciyawarsu ta asali ba ta iya kashewa.

Baba_Tsohon_Hannu:
Yaro, kan maganar ƙonawa, duk mutanen biyu da suka ba ka shawara suna da gaskiya, lokaci ne ya raba su. Wutar farkon rani, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanye, tafiya take a hankali, ta ci nan ta bar can, raɓar dare ta kashe ta. Inda ta ci ya zama katanga, in babbar wuta ta zo daga baya ba ta da abin ci. Asalin mutanen arewacin Ostireliya da 'yata ta ambata haka suke yi tun kaka da kakanni, har yau ana aiki da dabararsu. Amma in ka bari komai ya bushe ƙayau iska ta tashi sannan ka ƙyasta ashana, to ba rigakafi ka yi ba, kai ne mai gobarar.

Ni na taɓa yin wannan wautar. Na cinna da azahar ni kaɗai, iska tana kaɗawa gefe guda lafiya lau, kawai sai ta juya, gefen wutar nan mai tsawo gaba ɗaya ya koma goshi. Allah ne Ya taimake ni na tsallaka inda ta riga ta ƙone na tsaya a kan toka. Ka riƙe wannan: wuta ba a tarar ta ta gaba, ba a gudu a hau tudu, ta baya da gefe ake bin ta da ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙen buhu.

Injiniya_S:
Ni dai Baba a gafarce ni, ba zan ba wanda bai taɓa yi ba shawarar ya ƙona ba. Ya fara da abin da ba ya buƙatar ashana. Ya share hanya har ƙasa tsirara kewaye da rumbu da garke, faɗinta ya ninka tsayin ciyawar sau biyu ko uku, ciyawar da ke bayan hanyar kuma a yanke ta gajere a KWASHE, don yankakkiyar da aka tara a gefe ita ma makamashi ce. Ya saki dabbobin su kiwace gefen tun da wuri, su ne injin yanka na kyauta. Sannan kar a ajiye mota ko babur cikin doguwar ciyawa, zafin salansa kaɗai ya isa, haka guntun sigari da tartsatsin walda. Hanyar ma ba garanti ba ce, iska mai ƙarfi tana ɗaukar tartsatsi ta tsallakar da shi.

Baba_Tsohon_Hannu:
Ba laifi ɗana, ai ko mai ƙonawa sai ya fara share hanyar nan. Kuma da yamma lis ake yi iska a kwance, da mutane da ruwa a kusa, an sanar da maƙwabta, an nemi izinin hukuma in dokar wurin ta ce haka.

Maigarke_22:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan fara sharar hanyar. Baba, tambaya ɗaya, ta yaya zan gane ciyawar ta riga ta wuce lokacin ƙonawa? Tawa saman ya yi ja amma gindin da ɗan kore.