Fasto ya kwaso iyalinsa ya dawo birni: makiyayi ne ko ɗan ƙodago?

Malamin Lahadi: Salama a gare ku. Zancen da aka taso da shi bayan sujada bai ƙare ba. Faston da aka tura wani ƙauye ta wajen Batsari ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin Katsina saboda 'yan bindiga, sai ranar Lahadi yake leƙawa. Ni ina kan bakana, Bisharar Yahaya sura 10 ta raba gardama. Makiyayi na ƙwarai ransa yake bayarwa domin tumaki, ɗan ƙodago kuwa da ya hango kyarkeci sai ya arce.

Uwar Zumunta: Malam, bi a hankali. Kana kwana a Ƙofar Ƙaura cikin katanga, shi kuwa gidansa dangar kara ce, ga 'yan mata ƙanana. Ka manta ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamban 2020? In makarantar gwamnati ba ta tsira ba, ina ga gidan fasto?

Ɗalibin Tauhidi: Mama ta faɗi gaskiya. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 10:23, in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani. Bulus ma a cikin kwando aka zuraro shi ta garun Dimashƙu da dare.

Malamin Lahadi: Ɗana, Bulus shi kaɗai ake farauta, 'yan'uwa ne ma suka fitar da shi. A ƙauyen nan kowa ake nema, har tsohuwar da ba ta da kuɗin mota. Wa zai yi mata addu'a ranar Talata in an ɗauke ɗanta?

Ɗalibin Tauhidi: Malam, wannan hujjar taka mai ƙarfi ce. Ita ce Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya kafa lokacin da mayaƙan Bandal, wata ƙabila daga Turai, suka mamaye yankin: in shugaba kaɗai ake nema yana iya kaucewa, in hatsarin na kowa ne kada ya bar jama'a ba mai kula. Ya zauna a garin, ya rasu a shekara ta 430 mayaƙan na kewaye da garin.

Matar Wani Fasto: Agustin ba shi da mata da yara a gida. Ina karanta ku zuciyata na tafasa. Da almajirai Yakubu da Yahaya suka nemi kujerar dama da hagun Yesu, amsar Yesu a Markus 10 ga dukan almajirai take: duk mai son zama babba a cikinku ya zama baranku. Bai ce fasto kaɗai ba. Mu muka aike shi. Albashinsa yana zuwa kan lokaci? Cikinmu wa ya taɓa kwana ɗaya a can? Sadaukarwa tana da daɗin wa'azi in ran wani za a bayar.

Malamin Lahadi: Mama, ban musa ba, da laifinmu. Amma laifinmu bai sauke masa kiransa ba.

Dattijo: Ku saurara, 'ya'yana. Abu biyu kuka haɗa. Fitar da iyali daidai ne, 1 Timoti 5:8 ta ɗora masa kula da gidansa, kuma ba wanda ya ba shi ikon sadaukar da ran 'ya'yansa. Zamansa shi kansa kuwa, a nan ina tare da Malam: muddin da sauran mutane a ƙauyen, can ne wurinsa. Sai dai ba zan buɗe baki in ce masa ya koma shi kaɗai ba, kuma kalmar ɗan ƙodago a ajiye ta, mutumin bai daina zuwa ba.

Uwar Zumunta: To Baba, in zai koma, zumuntar mata za ta riƙe abincin iyalinsa da kuɗin makarantar yaran.

Dattijo: Madalla. Ni zan raka shi ranar Asabar mu kwana. Malam, da kai za a je?

Malamin Lahadi: Da ni, Baba. Amma a fara tambayar mutanen ƙauyen ko su ma so suke a taimaka musu su taso.