Ɓoyayyen makunnin hana satar tsohuwar mota: a wace waya ya kamata a sa shi?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da Toyota Camry ƙirar 2000, 'yar Amurka ce mai giyar otomatik, kuma ramin mukullinta ya sassauta har ana iya zare mukullin inji yana aiki. Ina son a sa mini ɓoyayyen makunni wanda zai hana ta tashi ko da ɓarawo ya samu mukullin da ya shiga. Wani mai rewaya ya ce zai yanka wayar kik, wani ya ce ta famfon mai ce ta fi. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kafin in bari kowa ya sa reza a wayar motar.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ka gwada ko motar tana da na'urar gane mukulli ta kamfani. Idan kwafin ƙarfe zalla da aka yanka maka a kasuwa yana tayar da ita, to ba ta da ita, ko kuma wani ya cire ta a baya lokacin da mukullin asali ya ɓata. Jamus da Ingila sun wajabta wannan na'ura a sababbin motoci tun 1998, amma Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa yawancin tsofaffin Camry da Corolla da ake shigowa da su daga can ba abin da ke tsaron su sai ramin mukulli, shi kuwa idan ya tsufa ko mukullin wata motar yana juya shi.

Game da tambayarka, ni famfon mai na zaɓa, kuma dalilina halin ɓarawo ne. Idan ka yanka wayar kik, zai murɗa mukulli ya ga fitilun dashbod sun kama lafiya amma inji bai ko motsa ba, nan take ya gane akwai makunni, ya fara lalube. Idan kuwa famfon mai ka katse, kik zai juya injin sosai, wani lokaci ma motar ta kama ta yi 'yan daƙiƙoƙi da ragowar man da ke cikin bututu sannan ta mutu. A kunnen ɓarawo wannan tsohuwar mota ce mai matsala, kuma mutumin da ke zaune a cikin motar da ba tasa ba a ƙofar masallacin Juma'a ba zai tsaya yana ta ba ta kik jama'a suna waiwayowa ba.

Oga Rewaya: Na yarda da Injiniya a kan famfon mai, amma akwai wurin da yaranmu da yawa suke ɓata aikin, kuma shi ne ya kamata Baban Amira ya tsaya a kai da idonsa. Mafi sauƙi a wurin mai rewaya shi ne ya ɗaga kujerar baya, ya samo wayar da ke kai wa famfon wuta, ya yanka ta, ya ɗaura ɗan ƙaramin makunnin da ya tsinta a shago. Wannan waya tana ɗaukar wuta mai nauyi, daga amfiya 4 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) har zuwa wajen 10 gwargwadon famfon, kuma tana ɗauke da ita duk tsawon lokacin da inji ke aiki. Ƙaramin makunni yana ɗumi, robarsa ta yi laushi, bakin ƙarfensa ya yi baƙi, wata rana kana tsakiyar titin Zariya ya saki.

Aikin da ya dace shi ne a nemo rilen famfon, wato ɗan makunnin lantarkin da ke kunna famfon da kansa. Kowane rile yana da ɓangare biyu: ƙafafu biyu masu ɗaukar wutar famfon, da ƙafafu biyu na naɗin wayar da ke jan maganaɗisu ya haɗa su. A rile irin na Bosch za ka ga an rubuta 30 da 87 a kan masu nauyin, 85 da 86 a kan na naɗin. Na Toyota lambobinsa daban ne, don haka a tabbatar da mita ko fitilar gwaji, kada a yi kirdado da launin waya. Naɗin nan wutar da yake ci ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba. A nan ake sa makunni. Siririyar waya ta isa, makunnin ba ya zafi, kuma tun da siririya ce ana iya cusa ta cikin damin wayoyin kamfani a naɗe da baƙin tef yadda ko mai rewaya ɗan'uwana sai ya wahala kafin ya bambanta ta.

Sauran sharuɗɗa kaɗan ne amma babu na yarwa. A cire kan batir na nagatif kafin a fara, a jira kamar minti biyu don kada jakar iska, wadda ke kare mutum a haɗari, ta fashe ana cikin aiki. Duk waya ko soket mai ruwan ɗorawa a kusa da sitiyari ta jakar iska ce, ba a taɓa ta. Kowane haɗi a like shi da dalma a sa masa robar da ke tsukewa da zafi, kada a murɗe waya da yatsa a naɗe da tef, domin rami da zafin ranar watan Afrilu suna kwance irin wannan ɗauri. Idan an gama, a tayar da mota a wurin, a kashe makunnin: injin ya mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Sannan a kunna, a kama wayoyin a girgiza su da hannu inji yana aiki. Idan ya yi ko da ɗan shaƙewa, a sake aikin.

Malam Direba: Ranka ya daɗe Oga, ni Golf 3 nake ja tsakanin Kano da Kaduna, kuma ban sa wa motata makunni ba. Duk inda zan daɗe, sai in sunkuya ƙarƙashin sitiyari in zare rilen famfon mai, wanda aka buga masa lamba 167, in jefa a aljihu. Ba a yanka waya ko ɗaya ba, ban biya kowa ba, kuma babu wanda ya san sirrin motata. Ina kuma tunatar da masu giyar hannu cewa yanka wayar kik ba ya tsinana musu komai, domin mutum biyu za su tura motar ta tashi a giya ta biyu.

Oga Rewaya: Maganarka ta tura mota gaskiya ce, Malam, kuma ko a otomatik wanda ya san aiki yana iya buɗe bonet ya haɗa kan kik da sukundireba. Amma zare rile kullum yana buɗa bakin soket ɗin, bayan watanni ya daina kama ƙafafun da kyau, sai motar ta riƙa mutuwa a kan gargada kana zargin famfo. Kuma wanda ya ƙware a satar Golf ba abin mamaki ba ne ya zo da rilensa, tun da a kasuwannin kayan mota na Kofar Ruwa ko Panteka ba ya wuyar samu. Dabara ce mai kyau ga motar da za a ajiye mako guda ana tafiya, amma ban ba da shawarar a mayar da ita al'adar kowace rana ba.

Hajiya Maman Walid: Ina biye da ku. Damuwata ita ce mantuwa. Honda Accord ce da ni, ni da ɗana muke tuƙa ta, kuma na san idan na tsaya a asibiti ko kasuwa ina sauri ba zan tuna da wani makunni ba. Babu wanda yake kulle kansa?

Injiniya: Akwai, Hajiya, kuma shi na fi so ga motar da mutum fiye da ɗaya ke tuƙawa. Ana ƙara rile guda ɗaya da ɗan maɓalli irin wanda ake dannawa ya dawo. Idan kin murɗa mukulli sai ki danna maɓallin sau ɗaya, rilen ya kama ya riƙe kansa da wutar mukullin, famfo ya samu hanya. Da zarar kin kashe mota rilen ya saki, tsaron ya koma da kansa ba tare da kin yi komai ba. Wasu maimakon maɓalli suna manna ƙaramin makunnin maganaɗisu a bayan robar dashbod, a waje babu rami babu alama, sai mai motar ya goga ɗan maganaɗisu a daidai wurin. Illarsa biyu ce. Idan motar ta mutu a mararraba kika mayar da mukulli baya, sai kin sake dannawa ana yi miki oda ta ko'ina. Sannan duk ranar da za ta je wurin bakanike ko wankin mota, ko dai ki tona asirin ko a sa wani makunni na biyu can ciki wanda ke tsallake tsaron na wannan rana.

Tun da Honda ce, a ja kunnen mai aikin. Tsofaffin Accord suna da babban rile a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba wanda ke ba famfo da kwakwalwar inji wuta, kuma an san shi da tsagewar dalma a cikinsa idan ya tsufa, sai motar ta ƙi tashi bayan ta sha rana. A duba lafiyarsa kafin a ƙara wani abu a layinsa, don kada gobe a rasa gane ko rilen ne ko sabon makunnin. A Honda kina da alama mai sauƙi: idan kika murɗa mukulli fitilu suka kama, famfon yana yin ɗan gunji na kamar daƙiƙa biyu daga bayan motar. Idan kin ji shi, hanya a buɗe take.

Alhaji Mai Kwatano: Duk kun yi maganar waya, ni kuma maganar mutum zan yi, domin a harkar sayar da motoci na ga makunni iri-iri, kuma mafi yawansu yaro ma zai gano su. Ƙarƙashin sitiyari, cikin akwatin fiyus, gefen kujerar direba, cikin aljihun dashbod: nan ne hannun ɓarawo yake fara zuwa. Wurin ya zama inda hannunka zai kai kana zaune daidai, ba tare da ka sunkuya ba, domin wanda zai ɗauki motarka sau da yawa ya riga ya tsaya nesa ya kalli yadda kake tayar da ita. Ni abin da ya fi burge ni shi ne amfani da maɓallin kamfani da ba a aiki da shi, kamar na ɗumama gilashin baya, wanda a ƙasarmu sai a shekara ba a taɓa shi ba. Yana nan a fili kowa yana ganinsa, babu wanda zai zarge shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a yi aikin a tsakiyar gareji yara masu koyo goma suna leƙe. Ka kira amintaccen mai rewaya gida, ko kuma ka sa ya haɗa komai ya bar maka bakin waya biyu masu tsawo, kai ka ja su zuwa inda kake so ka ɗaura makunnin bayan ya tafi. Kuma don Allah kada kowa ya turo hoton nasa cikin zauren nan.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. To idan ƙwace ne da makami, mota tana kunne, makunnin yana da amfani?

Injiniya: Makunnin da muke magana a kai na motar da aka ajiye ne, Malam. A ƙwace ka fita ka ba su mota, kada hannunka ya nufi wani lungu, domin mai bindiga zai ɗauka makami kake nema. Akwai na'urori masu kashe inji bayan wasu mintuna da buɗe ƙofa, amma 'yan fashi sun san da su, har wasu kan tafi da mai motar don ya nuna musu, saboda haka ni ba na ba kowa shawararsu kai tsaye. Na'urar bin sawun mota, wato tiraka mai layin waya, ta fi dacewa da wannan: kana ganin inda motar take, kana iya tura saƙo ta katse mai, kuma yawancinsu ba sa katsewa sai gudu ya sauko ƙasa da kilomita 20 a awa, domin idan inji ya mutu ana cikin gudu sitiyari yana tauri, birki ma ya yi nauyi, kuma akwai bayin Allah a kan titin. Sai dai tana buƙatar kuɗi a layin da kuma sabis, kuma idan an same ta, 'yan sanda ake kai wa bayanin, ba a bin ɓarayi da kai. Haka kuma babu makunnin da zai hana a ja mota da janwe, kuma inshorar dole ta naira 15,000 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan sata.

Malam na Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Hilux mai gas da tsohuwar Fijo 504 muke fama da su, kuma babu famfon lantarki a tankinsu. Ina za mu yanka?

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam, Malam, ina gaisuwa ga mutanen Maraɗi. A Hilux mai injin 2L ko 3L akwai waya guda ɗaya da ke zuwa bayan famfon injekta, tana ba wani ɗan bawul wuta ya buɗe hanyar gas. Shi ne ke kashe injin idan ka mayar da mukulli. Ka sa makunni a wannan waya daga cikin mota, injin zai yi ta juyawa ba zai kama ba, ko an tura ta. A 504 mai kafireta inji ne da kansa ke motsa famfon mai, don haka wayar da ke kai wa kwayil (mai ba filogi tartsatsi) wuta daga mukulli ake katsewa, da makunni mai ƙarfi wanda aka rubuta masa aƙalla amfiya 10, ko kuma ta hanyar rile. Raunin motocin nan biyu ɗaya ne: wanda ya buɗe bonet yana iya jan waya daga batir kai tsaye zuwa kwayil ko bawul ɗin ya tsallake makunninka gaba ɗaya. Saboda haka a irinsu sai ka je wurin mai walda ya yi wa bonet ɗin sarƙa da kwaɗo ta ciki, mai tsawon da zai bari ya ɗaga kaɗan hannunka ya shiga ka buɗe kwaɗon, amma bai isa a kai ga injin ba.